Gawon ƙasar Kance: tambayar da ta fi ƙarfin malami ɗaya

Da rani, daga Takeita zuwa Kance har Matamaye, gonaki cike suke da itatuwan gawo masu kore shar, a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe ganye. Dattawan yankin sun san cewa ba haka wurin yake ba bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da gonaki da yawa suka zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. To, me ya maido da gawo? Tambayar gajera ce, amma babu wani fannin ilimi ɗaya a jami'a da zai iya amsa ta shi kaɗai. Irin wannan tambaya ce ta sa jami'o'i suke haɗa masana tarihi, da na labarin ƙasa, da na zamantakewa, da na shari'a da na harshe su yi nazarin ƙasa guda tare.

Masanin noma zai ce gawo itace ne mai hali na daban. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen da ya zuba taki ne, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Wannan ya bayyana amfaninsa, amma bai bayyana dalilin da ya sa aka bar shi ya ragu ba.

Nan sai a nemi masanin shari'a. Dokar daji ta Turawan Faransa ta 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974, sun sa itatuwa irin gawo a ƙarƙashin kulawar hukuma. Manomi yana iya biyan tara a kan reshen da ya sara a cikin gonarsa. Wanda ya san haka, idan ya ga tsiron gawo lokacin sassabe, sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami don kada ya zame masa rigima da ma'aikatan gandun daji. Daga tsakiyar shekarun 1980 riƙon hukuma ya yi sauƙi a karkara, aka zo da dokar ƙasar noma ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004, manoma suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu. Abin da ake kira sassaben zamani, wato barin tsiro ya girma ana gyara masa rassa, ya bazu.

Masanin tarihi kuma zai tuna mana cewa abin ba sabo ba ne. A Damagaram ana ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya hana saran gawo da hukunci mai tsanani. Shi kuwa masanin labarin ƙasa hotunan sama yake ɗorawa a kan juna. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa, ciki har da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, suka fitar a 2006 ya kiyasta cewa itatuwa sun farfaɗo a kusan hekta miliyan 1 a gundumomin Magariya, Matamaye da Mirya. Wani abin da ya ba masanan waje mamaki shi ne inda jama'a suka fi yawa, nan itatuwa suka fi yawa, saɓanin abin da aka daɗe ana koyarwa a lakwal. Manomin da gonarsa ta ƙanƙance, ba shi da wurin barin saura ta huta, ba shi da kuɗin takin zamani, gawo ne takinsa.

Wannan salon aiki yana da gida a Nijar tun kafin a sami jami'a. A 1944 Faransawa suka buɗe reshen cibiyar IFAN a Yamai. Ita ce ta rikiɗe ta zama cibiyar IRSH, wadda aka haɗe da jami'ar Yamai a 1974. Boubou Hama ya shugabance ta a wani lokaci, kuma tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da ya tattara su ne tushen dubban takardun da ke ajiye can a yau. Jerin littattafanta mai suna Études nigériennes ya haɗa tarihi, harsuna, tonon kufai da al'adu. A cikinsa ne André Salifou, haifaffen Zinder, ya fitar da littafinsa kan Damagaram ta ƙarni na 19 a shekarar 1971, inda ya gwama takardun Turawa da abin da ya ji daga bakin dattawa da mutanen fada. Ya rasu a 2022, kuma an raɗa wa jami'ar Zinder sunansa. Akwai kuma cibiyar CELHTO ta tarihin baka da aka kafa a Yamai a 1968, da LASDEL da ta zo a 2001, wadda ta shahara wajen bin diddigin yadda asibiti, kotu da ofisoshin gwamnati suke aiki a zahiri, ba yadda takarda ta ce ba.

Kance kanta ta daɗe da shiga littattafan masana. Bafaranshe Guy Nicolas, kafin ya yi suna da bincikensa a kwarin Maraɗi, a nan ya fara. A 1960 ya buga nazari kan ƙauyen Tassaou Hausa, a 1962 kuma ya buga wani kan tattalin arzikin kanton Kance. Zamanin gyaɗa ne, shekarar da aka kafa kamfanin SONARA. Duk mai son sanin yadda ake gadon gona, da yadda gandu ya fara rarrabuwa, yana da ma'auni a hannu: ga yadda abin yake shekaru sittin da suka wuce, ga yadda yake yau.

Iyaka ma darasi ce. Ayarin Kyaftin Tilho da ya shata iyakar Nijar da Najeriya bayan yarjejeniyar 1906 bai tsaya ga dasa alamu ba. Tafintansa Landeroin ya rubuta tarihin sarautu daga bakin mutane, kuma har yau masana suna komawa gare shi, tare da sanin cewa mai tambaya baƙo ne da ya zo da sojoji, mai amsawa kuma ya san wanda yake gabansa. Daga baya Ba'amurke William Miles ya zauna a Yekuwa ta ƙasar Magariya da Yardaji ta ƙasar Daura, ƙauyuka biyu maƙwabta masu harshe ɗaya da addini ɗaya, ya nuna a littafinsa na 1994 yadda mulkin Faransa da na Ingila suka bambanta sarauta, makaranta da kasuwa a tsakaninsu. Mutumin Kance da ke ƙetarawa ta Ɗan Barto ya san wannan bambanci tun kafin a rubuta shi.

Inda aikin yake da rauni, a ganina, shi ne komawa gida. Kusan duk abin da aka ambata a sama da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta shi, wasu kuma sun fi sauƙin samu a intanet ko a Faris fiye da a Zinder. Jikokin mutanen da suka ba Guy Nicolas labari a Tassaou ba su da nazarin da Hausa. Wannan ba maganar alfahari kawai ba ce. Kwamitocin ƙasar noma da ake kira COFO suna sasanta rikicin gona da burtali kullum, kuma sanin yadda aka yi rabon wuri shekaru sittin baya yana iya rage gardama. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ɗalibin jami'ar André Salifou da ke neman batun kammala digirinsa yana iya ɗaukar nazarin 1960, ya mayar da shi Hausa, ya karanta wa mutanen Tassaou, ya rubuta inda suka yarda da inda suka musa.