Harshen Damo a Kalmar "Magani": Misali Daga Kasuwar Bodija

1.0 Gabatarwa

Kasuwar Bodija, wadda aka buɗe a Ibadan a shekarar 1987, matattara ce ta Hausawa 'yan hatsi, da yawansu mazauna Sabo. Inda aka jibge wake da masara ba a rasa ɓera, don haka ba a rasa kyanwa. Wannan maƙala za ta duba yadda sunan da muke ba maganin ƙuma kan jefa wannan dabba cikin haɗari.

2.0 Ma'anonin "Maganin Kaza"

Idan aka liƙa wa "magani" ɗafin mallaka -n, sunan da ya biyo baya kan nuna ɗayan abu uku:

(a) cutar da ake warkarwa: maganin zazzaɓi;
(b) abin da ake kashewa: maganin ɓera;
(c) mai amfana: maganin yara.

"Maganin ƙuma" na rukunin (b) ne. Ya ambaci abokin gaba, bai ambaci majiyyaci ba. Saboda haka mai saye zai ɗauka duk dabbar da ƙuma ta addaba ta cancanci a ɗiga mata.

3.0 Inda Haɗarin Yake

Da yawa daga magungunan da ake ɗiga wa karnuka a ƙeya na ƙunshe da sinadarin permethrin mai kauri. Hantar kare na iya sarrafa shi ta fitar. Ita kuwa hantar kyanwa tana da ƙarancin sinadarin da ke wannan aiki, sai dafin ya taru ya taɓa jijiyoyi. Cikin 'yan sa'o'i akan ga dalalar miyau da karkarwa da farfaɗiya, wani lokaci har mutuwa. Ko gogar jikin karen da aka ɗiga wa na iya jawo haka. Dafin ba shi da makari. Abin yi shi ne a wanke ta da sabulun wanke kwanuka da ruwa mai ɗan ɗumi, a garzaya wurin likita. Asibitin dabbobi na Jami'ar Ibadan ba shi da nisa da kasuwar.

4.0 Kammalawa

Gargaɗin da ke jikin kwali galibi da Ingilishi yake, cinikin kuwa da baki ake yi. Ya kamata masu fassara su fito da majiyyaci fili: "maganin ƙumar kare, guba ga kyanwa". A nan ƙarin kalma huɗu na iya ceton rai.