Bayanin Wasiƙar Da Ta Maƙale A Hanya

Ran 3 ga watan Satumba na shekarar 2021, hukumar sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta umurci kamfanonin waya su tsai da aikinsu a jihar Zamfara duka, bisa roƙon gwamnan wannan lokaci, Bello Matawalle, mutumin Maradun, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. A farkon Oktoba aka mayar wa Gusau da waya, sauran garuruwa kuwa suka yi ta jira, har ƙarshen Nuwamba gwamna ya yi shelar buɗe ta ko'ina. A cikin waɗannan kwanaki waɗansu mutane suka koma ga takarda da alƙalami, suna ba direbobi saƙo kamar zamanin da. To, abin tambaya shi ne, wasiƙun imel da aka rubuta a Talata Mafara da Bakura da Maradun sa'an nan, ina suka kwana?

Mai karatu ya sani, imel tafiyar fatake ta ke yi, zango zango. Zangon farko akwatin fita ne da ke cikin wayar mai rubutu. Na biyu babbar na'ura ce mai tura wasiƙu, wadda ke matsayin gidan waya. Na uku na'urar wanda aka rubuta wa. In na'ura mai turawa ta ƙwanƙwasa ƙofa ba a amsa ba, ba ta zubar da wasiƙa, sai ta sa ta a layi, ta jinkirta, kana ta sake gwadawa.

Wannan haƙuri kuwa yana da iyaka. Ƙa'idar da a ke kira SMTP, wadda Jon Postel ya tsara a Amurka a 1982, aka kuma sabunta ta a 2008, ta nuna a bar aƙalla rabin awa tsakanin gwaji da gwaji, a kuma jure kwana 4 ko 5 kafin a fid da rai. Manhajar Postfix kwana 5 ta ke jira in ba a sāke mata tsari ba, sa'an nan ta mayar wa mai wasiƙa abinsa tare da dalili. Saboda haka ɗalibin Abdu Gusau Polytechnic da ya rubuta takardar neman aiki a Satumba, tasa a zangon farko ta tsaya, cikin wayarsa. Wadda aka aiko masa ta Gmail kuwa ta isa akwatinsa lafiya, gama na'urorin Google ba a Zamfara su ke ba. Amma ofishin da ya ajiye na'urarsa a gida, in hanyarsa ta dogara ga waya, bayan kwana 5 wasiƙunsa sun koma wa masu su.

Fa'ida ga akawun da aka damƙa wa irin wannan na'ura ita ce, kowace wasiƙa da ta maƙale da dalilinta a rubuce. Ya fara duba layi da umurnin mailq, ya karanta lambar da ke gefen wasiƙa. Lambar da ta fara da 4, kamar 421 ko 451, ma'anarta a dakata a komo. Wadda ta fara da 5, kamar 550, ƙi ne na har abada, galibi don adireshin ba shi da mai shi. Ga wannan, maimaita aike wahalar banza ce, sai an gyara adireshi.

Bayan haka ya lura, wasiƙun duka ne suka tsaya, ko kuwa na wuri guda? In duka ne, ciwon a gida ya ke: ko intanet ta yanke, ko ma'ajiyar na'ura ta cika, ko an rufe ƙofa mai lamba 25 wadda wasiƙu ke fita ta cikinta, ko na'ura ta kasa karanta DNS, watau kundin adireshi na intanet. In na wuri guda ne, la'alla na'urar can ce ta faɗi, ko kuwa ba ta amince da mai aikawa ba. Tun Fabrairu 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta neman shaidar SPF da DKIM, waɗanda ke matsayin hatimin sarki a kan takarda.

Har wa yau, in ya tarar layi ya cika maƙil da dubban wasiƙun da ba wanda ya san su, alama ce ɓarawo ya sace kalmar sirrin wani ma'aikaci yana watsa saƙon damfara. Wajibi ne a sāke kalmar tukuna, a tsince na ɓarawo a share, kana a saki na gaskiya. Wanda ya tura layi duka da ƙarfi kafin bincike, sunan ofishinsa zai shiga jerin waɗanda a ke ƙin wasiƙarsu. Wanda ya share layi duka don gaggawa kuwa, ya zubar da amanar mutane, alhali a ciki akwai takardar shiga makaranta da ta albashi. Haƙurin karanta dalili shi ne rabin gyara. Haza wassalam.