Bangon Littafi a Matsayin Hujja: Adabin Kasuwar Kano a Idon Mai Zane

Mafi yawan nazarce-nazarcen da aka gudanar a kan Adabin Kasuwar Kano sun karkata ne ga jigo da salo da warwarar labari. Bango kuwa akan wuce shi da jimla ɗaya, tamkar ado ne kawai, alhali shi ne ke fara yi wa mai saye magana a kan teburin mai sayarwa.

Manazarcin adabi yakan tambayi me hoto yake nufi. Mai zane yakan fara da wata tambayar: yaya aka yi shi, da wane inji, kuma nawa aka kashe? A ɗab'in ofset kowane launi da farantinsa, kowane faranti da kuɗinsa. Don haka bango mai launi biyu yana iya zama shaidar aljihun marubucin da ya ɗauki nauyin buga littafinsa da kansa, kafin ya zama shaidar wata falsafar launi. Haka kuma al'adar raba labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku tana ba da damar maimaita zane guda, a sauya lamba ko launi kurum.

Batun haruffa ya fi jan hankali. Tun shekarun 1930, zamanin Rupert East, aka shigar da ƙ da ɗ da ɓ cikin rubutun boko, amma galibin haruffan ado na kwamfuta ba su da su. Idan aka ga “Kauna” a bango maimakon “Ƙauna”, ɗora wa marubuci laifin jahiltar ƙa'idojin rubutu gaggawa ce. Sau da yawa na'urar ce ta hana. A ganina, ƙugiyar da aka ƙara da hannu a kan harafi ta cancanci a rubuta ta a matsayin bayani mai zaman kansa.

Graham Furniss ya tara ɗaruruwan irin waɗannan littattafai tare da bangayensu a SOAS da ke Landan, kuma a cikinsu ana iya bin sawun sauyi daga zanen hannu zuwa hotunan taurarin fim, bayan bunƙasar fina-finan bidiyo a shekarun 1990. Sai dai hoton bango a allon kwamfuta ba ya nuna kaurin takarda ko inda launi ya goce daga layi. Waɗannan sai an riƙe littafin a hannu, sannan a je maɗaba'un Kano a tattauna da masu zanen, waɗanda ba kasafai nazari ke ambaton sunayensu ba.