Wutar aure da jan ɗigon goshi: abin da ya kamata ku sani game da addinin Hindu

Da wuya ka shiga gida a Jega ko Maiyama bayan sallar isha'i ka rasa wanda ya duƙufa a kan waya yana kallon fassarar fim ɗin Indiya. Yara ma sun haddace komai. Ango da amarya suna zagaya wuta. Tsohuwa ta ɗauko faranti mai fitila tana juya shi a gaban fuskar ɗanta. Jarumi ya tuɓe takalmi, ya kaɗa ƙararrawa, sannan ya shiga wurin ibada. Fiye da shekara sittin ke nan muna kallon waɗannan abubuwa, tun zamanin da 'yan kasuwar Labanan masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya Kano da sauran biranen Arewa. Amma in ka tambayi mai kallo me ake nufi, amsar ɗaya ce: "Tsafinsu ne." Daga nan zance ya ƙare.

Mutanen da ke wannan ibada sun haura biliyan ɗaya a duniya. A ƙidayar Indiya ta 2011, kashi 79.8 cikin ɗari mabiya Hindu ne, kashi 14.2 kuma Musulmi, wato kimanin mutum miliyan 172. Cikin mabiya Hindu akwai likitan da ɗan'uwanka zai je wurinsa neman magani a Delhi ko Chennai, da mai kamfanin da ya ƙera babur ɗin Bajaj da ɗan acaɓa ya ɗauko ka a kai.

Sunan kansa baƙi ne suka raɗa. Farisawa ne suka mai da sunan kogin Sindhu ya koma Hindu, suna nufin mutanen da ke tsallaken kogin. Addinin ba shi da mutum ɗaya da ya kafa shi, ba shi da shugaba ɗaya, ba shi kuma da littafi ɗaya. Mafi tsufa cikin littattafansu su ne Veda guda huɗu, da harshen Sanskrit, kuma na farkonsu, Rigveda, ya ƙunshi waƙoƙin ibada 1,028 da aka yi ta haddacewa baki da baki tsawon ƙarnuka kafin a rubuta. Talaka dai ya fi sanin labarin Rama da matarsa Sita, da littafin Bhagavad Gita.

To, alloli nawa suke bauta wa? Nan ne maganar ta yi rassa. Malamansu da yawa za su ce maka hakika ɗaya ce, suna kiranta Brahman, sauran kuma fuskoki ne da take bayyana da su. Wasu sun riƙi Vishnu, wanda suke cewa ya sauko duniya a siffar Rama da Krishna. Wasu Shiva, wasu kuma uwa mace, Durga ko Kali. Mai kan giwan nan da ake yawan nunawa a farkon fim shi ne Ganesha, wanda suke roƙo idan za a fara sabon aiki. Abu Raihan al-Biruni, malamin Musulmi da ya koyi Sanskrit ya rubuta littafi a kan Indiya wajejen 1030, ya lura da wannan tun tuni. Ya bambance masu iliminsu, da ya ce suna ƙudurta Ubangiji ɗaya marar farko, da gama-garin mutane da suka dogara ga siffofi. A aƙidar Musulunci hukuncin sanya gunki tsakanin bawa da Mahalicci a bayyane yake, kuma Biruni bai ɓoye imaninsa ba. Abin da ya burge ni da shi, ya ɗaukar wa kansa kawo maganar mutanen kamar yadda suke faɗarta.

Abin da ya fi raba mu da su shi ne batun mutuwa. Mu muna jiran tashin kiyama sau ɗaya. Su kuwa suna ganin rai yana fita daga jiki ya shiga wani, a sake haihuwarsa, gwargwadon aikin da ya shuka. Wannan sakamakon aiki shi ne karma, babban burin kuma shi ne moksha, wato kuɓuta daga zagayen haihuwa da mutuwa gaba ɗaya. Shi ya sa marubutan fim ba sa gajiya da labarin wanda aka kashe ya dawo ɗaukar fansa. Galibi suna ƙona gawa, babban ɗa ne ke kunna wutar, a zuba tokar a ruwa, in da hali a kogin Ganga. Akwai tsofaffin da ke ƙaura zuwa birnin Varanasi musamman don ajali ya same su a can.

Mu koma kan farantin tsohuwa. Sunan wannan aiki arati: ana juya fitila a gaban abin bauta, ko a gaban wanda ake so, don neman albarka da kariya. Alawar da ake rabawa bayan ibada, prasad, an riga an miƙa ta ga abin bauta, don haka Musulmi ya san abin da ake miƙo masa, ya kuma iya ba da haƙuri cikin ladabi. Wutar aure shaida ce, kuma a al'adu da yawa auren bai ƙullu ba sai an yi taku bakwai a gabanta, kowane taku da alkawarinsa. Jan garin da ango ke shafawa a tsagar gashin amarya alamar matar aure ce, ranar da mijin ya mutu za a goge shi. Ɗigon goshi kuwa yanzu 'yammata ma suna yi don ado. Bikin fitilu shi ne Diwali, na watsa kala Holi.

Akwai ɓangaren da fim bai cika nunawa ba, wato rabon mutane aji-aji tun daga haihuwa, daga Brahmin masu jagorancin ibada har zuwa Dalit da a da ko taɓa su ba a yi. Tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda B. R. Ambedkar, shi ma Dalit, ya jagoranci rubutawa, ya haramta wannan ƙyama. Doka ta hana, amma a ƙauyuka da wajen neman aure har yau ana tambayar asali. Mu ma da muke hana ɗiya ga ɗan wanzami ko ɗan mahauci, bai kamata abin ya zame mana baƙo ba.

Zaman Hindu da Musulmi akwai zuma akwai maɗaci. Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta ci rayukan dubban ɗaruruwa. Ranar 6 ga Disamba 1992 wasu masu tsattsauran ra'ayi suka rushe masallacin Babri a Ayodhya, a Janairun 2024 kuma aka buɗe wurin bautar Rama a filin. A 2002 an yi kashe-kashe a Gujarat, akasarin waɗanda suka mutu Musulmi. Amma a Indiyar dai, 'yan Hindu na cika hubbaren Shehu Mu'inuddin Chishti a Ajmer. Ɗan sarkin Mughal, Dara Shikoh, ya fassara littattafan Hindu na Upanishad zuwa Farisanci a 1657. Fitacciyar waƙar ibadar Hindu da ke cikin fim ɗin Baiju Bawra na 1952, Shakeel Badayuni ya rubuta, Naushad ya yi kiɗa, Mohammed Rafi ya rera, dukkansu Musulmi. Ruwan ya gangaro har nan, domin 'yan bandiri a Kano sun daɗe suna ɗaukar amon waƙoƙin Indiya su ɗora masa begen Annabi (SAW).

Sai batun abinci, inda aka fi samun tuntuɓe. Saniya uwa ce a wurinsu saboda nononta, jihohi da yawa sun hana yanka ta, an ma sha kashe Musulmi bisa zargin cin namanta. Duk da haka Indiya na cikin manyan masu sayar da naman ɓauna a kasuwar duniya, kuma waɗanda ba sa cin nama sam ba su kai rabin mabiya Hindu ba. Idan ka yi baƙo Ba'indiye, kada ka yi gaggawar tarbarsa da kilishi, tambaye shi tukuna. Abin da zai fi ba mutanen Aliero mamaki shi ne albasa. Masu tsananin ibada cikin mabiya Vishnu, har da 'yan Hare Krishna da ke da wuraren ibada a Legas, ba sa cin ta, ba sa cin tafarnuwa, suna cewa suna tayar da sha'awa su dagula zuciya. Wannan fa a Indiya, ƙasar da ke sahun gaba a duniya wajen noman albasa, inda tsadarta kan girgiza gwamnati, inda kuma kasuwar Lasalgaon ta jihar Maharashtra take cika da motocin albasa kamar Aliero a lokacin kaka.