Katangar Dortmund: Me Ke Tsayar Da Mutum Dubu 24 A Ƙafa?

Duk mai shiga gidan kallo daren Talata ko Laraba ya san wannan hoton. Kyamara ta juya bayan raga, sai ka ga mutane maƙil daga ƙasa har rufi, kowa cikin ruwan ɗorawa da baƙi, suna tsalle kamar igiya ɗaya ke jan su. Ɓangaren kudu ke nan na filin Borussia Dortmund a Jamus, wanda ake wa laƙabi da Katanga Mai Ruwan Ɗorawa. Ni ɗan Arsenal ne, ban taɓa taka Jamus ba, amma wallahi mutanen nan suna burge ni.

Filin yana cin mutum 81,365 a wasan lig. Daga ciki 24,454 a katangar suke, kuma a tsaye suke kallo. Wajen tsayuwa ya fi kujera araha nesa ba kusa ba, tikitinsa na kusa da yuro 20, don haka ɗalibi da lebura suna iya zuwa duk wasan gida. A Ingila, bayan turmutsitsin Hillsborough na 1989 da ya ci rayuka 97, an mayar da manyan filaye na kujeru zalla, tikiti kuma ya yi ta tashi. Jamus ta riƙe wajen tsayuwarta. Mai zuwa kullum ya san waƙoƙin, ya san na kusa da shi. Wanda ya tara kuɗin shekara ya zo sau ɗaya kuwa, ɗaukar bidiyo ne a gabansa.

Sai garin kansa. Dortmund tana yankin Ruhr, ƙasar kwal da ƙarfe. An rufe mahaƙar kwal ta ƙarshe a garin a 1987, babbar masana'antar ƙarfe ma ta tsaya a 2001. Aikin da kakanni suka yi alfahari da shi ya tafi, kulob ɗin da aka kafa tun 1909 yana nan. Shi ma saura ƙiris bashi ya binne shi a 2005, shekarar da aka sayar wa kamfanin inshora sunan filin ya koma Signal Iduna Park. Kafin nan Sunday Oliseh namu ya ci kofin lig da su a 2002.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dokar 50+1. A Jamus, in ka cire ƙalilan irin su Leverkusen da Wolfsburg, rinjayen ƙuri'a a kulob na membobi ne masu biyan kuɗin shekara. Attajiri zai iya zuba jari, amma ba zai saye kulob kamar yadda ake sayen mota ba. Kamar dai ƙungiyarmu ta ɗalibai ce, sai dai su suna zuwa taro. Mu kuwa, a kira kongres ka ga kujeru suna kallon juna. Wannan iko yana aiki har a fili. A farkon 2024 magoya baya a faɗin Jamus, har da na Dortmund, suka riƙa jefa ƙwallayen tanis suna tsayar da wasa don ƙin sayar wa 'yan jari wani kaso na kuɗin talabijin. A watan Fabrairu hukumar lig ta janye.

Ba waliyyai ba ne fa. A Fabrairun 2017 wasunsu sun jefi baƙin Leipzig da duwatsu da kwalabe, har da mata da yara, aka rufe katangar wasa ɗaya. Abin kunya ne, babu wani kwana-kwana. Wata biyu bayan haka, ranar 11 ga Afrilu, aka tayar da bam kusa da motar 'yan wasansu kafin karawa da Monaco. Aka ɗage wasan zuwa washegari, baƙi daga Faransa suka rasa makwanci. Mutanen gari suka shiga Twitter suna sanar da cewa akwai katifa a gidajensu, suka kwana da abokan hamayya ƙarƙashin rufi ɗaya.

Rabon su da kofin lig tun 2012. A Mayun 2023 kofin ya zo har bakin ƙofa: wasan ƙarshe, a gida, nasara kan Mainz kawai suke nema. Aka tashi 2-2, Bayern ta ɗauke. A gidan kallonmu da tuni an watse ana zagin koci. Su tsayawa suka yi. 'Yan wasa suka taho gaban katangar, koci Edin Terzic, wanda shi ma a nan ya taso yana kallo, yana hawaye, mutum dubu 24 suna rera musu waƙa.