Ficewar Nijar daga ECOWAS: Ina Ruwan Mai Citta a Kafanchan?

Manomin citta a Kachia ko Kwoi yana iya ganin rigimar Nijar da ECOWAS ta manya ce, ta Abuja da Yamai. Amma da yawa daga cikin shanun da ake yankawa a Kafanchan daga arewa ake loda su, wasu tun daga ƙetaren Jibiya da Illela da Maigatari, haka dabino da albasa. Busasshiyar cittarmu ma ba duka take bi ta Legas ba. Akwai wadda fatake ke haurawa da ita Kano, daga can ta tsallaka Maraɗi. Duk abin da ya taɓa iyaka, sai ya biyo tirela ya sauka a kasuwarmu.

Sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarki. A Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fice. Yarjejeniyar ƙungiyar ta tanadi wa'adin shekara ɗaya, saboda haka ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, duk da cewa an ɗage takunkumin tun Fabrairun 2024.

To, me ya sauya washegari? Kusan babu. ECOWAS ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a bar su su shiga ba biza, kayansu su ci gaba da cin sassaucin haraji, har sai an kammala tattaunawa. Su ma can, a ƙarƙashin ƙawancensu na AES, sun ce ɗan ECOWAS ya shigo ba biza. Abin ya yi kama da auren da ya mutu alhali akwai 'ya'ya tsakani: an daina kwana gida ɗaya, amma dole a zauna a yi maganar ci da sha.

A ganina, inda zancen zai ƙare ba boyayye ba ne, domin an taɓa yi. Mauritaniya ta fice daga ECOWAS a 2000, sai ga ta a 2017 ta dawo ta sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci da ƙungiyar, ba tare da ta koma mamba ba. Birtaniya ta bar Tarayyar Turai a Janairun 2020, kafin shekarar ta ƙare ta ƙulla yarjejeniyar ciniki ba haraji, sai dai 'yan kasuwarta sun gamu da tulin takardun kwastam da ba su saba da su ba. Nijar ba ta da teku. Kuma har yanzu sefa take kashewa, ba ta bar UEMOA ba, ƙungiyar da ke riƙe da kuɗin. Najeriya kuwa tana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Mai shirin yanke zumunci ba ya irin wannan aikin. Za a rabu a siyasa, a ci gaba da ciniki.

Sai dai akwai bambanci tsakanin haƙƙi da alfarma, kuma nan ne gizo ke saƙa. Da, shiga Nijar ba biza haƙƙi ne da aka rubuta tun 1979. Yanzu sanarwa ce kawai, wanda ya yi ta yana iya janye ta gobe. A Maris 2025 ƙasashen AES sun sa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje. Kuɗin ba shi da yawa, amma ya nuna cewa kowa ya fara auna mudunsa da kansa. Idan doka ta zama mai harshen damo, mai kaki a shinge ne ke fassara ta, na goro ya ƙaru, direba ya ɗora wa dillali, dillali ya zabge a farashin buhun manomi. Wanda cutar citta ta 2023 ta cinye wa gona ba shi da ƙarfin ɗaukar wannan ƙarin.

Kada kuma mu wanke kanmu. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu har zuwa Disamban 2020, tana cikakkiyar mamba, hedkwatar ƙungiyar ma tana Abuja. 'Yan fasa-ƙwauri ne suka ci riba, shinkafa ta yi tsada.

Saboda haka ƙungiyoyin manoman citta da na 'yan tireloli da mahauta a Kudancin Kaduna su matsa wa wakilansu a Majalisar Tarayya: duk yarjejeniyar da za a cimma da Nijar, a rubuta zirga-zirga ba biza da sassaucin harajin amfanin gona da dabbobi ɓaro-ɓaro, a kuma liƙa ta a kowane shingen kwastam da Hausa da Faransanci.