Farar riga, baƙar fuska: gwajin haske da wanki a hoton kasuwanci (misalin Dogo)

1. Shimfiɗa

Abin da muke kira "hoton rumbu" a cikin wannan takarda shi ne abin da ake ce wa banque d'images da Faransanci, wato hoton da aka ɗauka ba tare da wani ya sa a ɗauka ba, aka zuba shi a rumbun wani kamfani, duk mai bukata ya biya ya yi amfani da shi. Banki ya sa a kalanda, kamfanin salula ya sa a allon talla. Manyan rumbunan sanannu ne: Getty Images da aka kafa a 1995, iStockphoto a 2000 (Getty ya saye shi a 2006), sai Shutterstock a 2003. In aka nemi kalmar "kasuwanci" a cikinsu, abin da ya fi fitowa shi ne kwat, tebur, kwamfuta da biro mai farin bango. Attajiri mai babbar riga ba safai ake cin karo da shi ba. Dalilan haka suna da yawa, amma ɗaya daga ciki na sana'ar ɗaukar hoton ne kanta, kuma shi za mu duba.

Domin kada maganar ta tsaya a sama, mu ɗauki Dogo, cikin gundumar Mirya, kudu da birnin Damagaram a kan hanyar Magarya, inda fadamun Korama ke ba da rake da kayan lambu. Mu ƙaddara wani dillalin rake ya yarda a ɗauke shi, ya zo sanye da farar shadda mai aiki a wuya, kamar yadda duk mai mutunci zai zo.

2. Inda matsalar take

Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san fari ba, bai san baƙi ba. An tsara shi ne ya ɗauka cewa abin da ke gabansa, in aka gauraya, toka-toka ne, mai maido da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Farin yadi kuwa yana maido da ninkin wannan sau da dama, baƙar fata kuma ba ta kai shi ba. To, da yake rigar ce ta cika mafi yawan hoton, sai kyamara ta ga haske ya yi yawa, ta rage. Riga ta koma ruwan toka, fuska ta nutse, ido da haƙora kawai suka rage. In mai hoto ya buɗe domin fuskar, sai rigar ta ƙone fari fat, aska takwas ɗin da aka biya kuɗi mai yawa a kanta ta ɓace. Alhali a wurinmu wannan aikin allura shi ne ke yin abin da kwat ke yi a hoton Bature: shi ke faɗin ko wane ne mutumin.

Matsalar tana da tarihi. Daga shekarun 1950, kamfanin Kodak ya riƙa raba wa ɗakunan wanki wani katin gwaji mai hoton wata Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, da shi ake daidaita launi. Lorna Roth, cikin nazarin da ta buga a 2009, ta nuna cewa daga cikin abin da ya sa aka gyara yadda fim ke kama launin ƙasa-ƙasa har da kukan masu kujerun katako da masu cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a talla. Sai tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Mai karatu ya lura: haja ce ta yi ƙara aka saurara.

3. Gwajin haske

Abu na farko da ɗalibi zai gane shi ne, baƙar fata ba da yawan haske ake zana ta ba, da ƙyalli ne. Fata tana ɗan aiki kamar madubi, tana nuna siffar abin da ke haska ta. Filashin da ke bisa kyamara ƙarami ne, saboda haka abin da yake bari ɗigon fari ne a goshi da kan hanci, kamar maiƙo, sauran fuskar kuma duhu. In aka faɗaɗa mafarin hasken, ko da laima mai farin ciki, ko da farin zane da aka rataya gaban fitila, ko ma ƙofar rumfa da rana, sai ƙyallin ya bazu a kunci da goshi, ƙirar fuska ta fito. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukarsa a Bamako a 1948, da hasken rana ya yi mafi yawan aikinsa a tsakar gida, kuma har yau ana koyon darasi daga fuskokin da ya ɗauka.

Na biyu, nisa. Haske yana raguwa da murabba'in nisa: abin da ke mita 2 daga fitila rubu'in abin da na mita 1 ya samu yake samu. Wannan ƙa'ida ita ce babbar mai ceton farar riga. A matso da fitila kusa da fuska, daga sama kuma ta gefe, yadda fuskar za ta fi kusa da ita, cinya da hannun riga su yi nisa. In ƙirjin rigar har yanzu yana ƙonewa, a sa baƙin kwali tsakaninsa da fitila ya tare wani sashe. Wani abin daɗi a nan shi ne rigar da kanta tana mayar da haske ƙarƙashin haɓa, don haka sau da yawa ba a bukatar fitila ta biyu daga gaba. Gara a kai ta baya, ta ɗan shafi hula da kafaɗa, ta raba mutumin da bango.

Sai launin hasken. Na rana yana wajen digiri 5500 a ma'aunin Kelvin, na tsohon ƙwan situdiyo mai zare 3200. In aka haɗa su a hoto guda, rabin riga ya yi shuɗi, rabi ya yi rawaya, babu wankin da zai gyara cikin sauƙi. Ƙananan fitilun sola masu araha sun fi ɓarna, domin da yawansu suna karkata zuwa shuɗi ko tsanwa, su mai da fata kamar an barbaɗa mata toka. Da hunturu kuma hazo yana tausasa rana, abin so ne, amma fata tana yin furu-furu. Ɗan man shafawa kafin a zauna ya fi awa guda a gaban kwamfuta.

Tsarin gwajin ba wuya: a ba mutumin katin toka ya riƙe a hoton farko, a riƙa sauya abu guda kawai kowane ɗauka, a rubuta nisa da buɗin ido a littafi.

4. Wanki

Zamanin baƙi-da-fari, mai hoto shi ke wankinsa. Yakan sa hannu ya tare hasken majigi a kan fuska na ƴan daƙiƙu, ya ƙara wa riga, kowane sashe ya sami rabonsa. Haka tsarar su Philippe Koudjina a Yamai suka yi aiki. Da injunan wankin kala suka bazu a Afirka ta Yamma cikin shekarun 1980, wannan hannu ya fita daga aikin, inji ke yanke hukunci bisa matsakaicin awo. Kyamarar dijital, musamman in an ɗauka a tsarin RAW, ta maido da hannun, har ta ƙara masa ƙarfin da ya wuce kima.

Duk wanda ya zauna a situdiyo ya ji ana cewa "a ɗan haska ni". A hoton biki wannan tsakanin mai hoto ne da mai kuɗinsa. A hoton rumbu kuwa, wanda zai yawata duniya da sunan ɗan kasuwar Nijar, ra'ayinmu shi ne a bambanta buɗe inuwa da sauya launi. Na farko gyaran gazawar kyamara ne, na biyu sauya mutumin ne. Gwajin mai sauƙi ne: a dubi fuska, a dubi bayan hannu da wuya, in sun rabu, an zarce. Doka ba ta taimaka sosai a nan. Daga 1 ga Oktoba 2017 Faransa ta wajabta rubuta photographie retouchée a hoton tallar da aka rage ko aka ƙara wa jikin mai tallar kauri, Getty ma ya daina karɓar irin waɗannan hotuna daga ranar, amma gyaran fata bai shiga cikin hanin ba.

Saura takardar yarda. Rumbu ba ya karɓar hoton talla mai fuskar da za a gane sai da sa hannun mai ita, kuma takardar takan zo da Ingilishi ko Faransanci. Wanda ya sayi hoton yana iya amfani da shi sau da yawa, a wuraren da mai fuskar bai taɓa zato ba. Dillalin raken namu, wanda watakila bai taɓa cin bashi mai ruwa ba, yana iya ganin kansa a allon tallar bashin wani banki a Dakar. Wannan ya kamata a faɗa masa da Hausa, a gaban shaida, tun kafin a kunna fitila.